Ƙasa Ba Ta Koyar Da Tuƙi: Martani Ga Mai Cewa Babur Ba Ya Buƙatar Malami

Malam marubuci, na karanta makalarka kan samarin Mubi da babur, kuma ga abin da na fahimta daga gare ta. Ka ce tuƙin babur ba abin da ake zama a koyar ba ne. Yaro ya hau, ya faɗi sau biyu ko uku, ƙasa za ta koya masa. Ka ce masu kiran a ware fili a riƙa horar da samari irin horon 'yan tseren motokuros, wato tseren babur a kan turɓaya da tudu da kwari, so suke su shigo mana da wasan 'ya'yan masu kuɗi na Turai, wanda ƙarshensa ƙarin ganganci ne ranar rakiyar amarya. Sannan ka shawarci gwamnati da ta ƙara tsaurara dokar hana babur idan rage karaya take so. Ban yarda da kai ba. Maganarka ta farko ce ta fi tsaya min a rai, domin ita ce ake ji a bakin kowace tasha, kuma ita ce ke kai 'ya'yanmu wurin mai ɗori.

Mu duba abin da faɗuwa ke koyarwa. Kowa a Mubi ya san yadda ake koyon babur. Da la'asar sakaliya wa zai ja ƙanensa zuwa filin firamare, ya nuna masa kuloci, ya nuna masa giya, ya ce ga totur, ga birkin ƙafa. Sai ya nuna na hannun dama ya ce wannan kada ka kuskura ka taɓa shi. Yaro ya zagaya filin, jikinsa a sandare, idonsa a kan tayar gaba. Akuya ta gifta, ya firgita, ya damƙe birkin da aka hana shi da dukkan ƙarfinsa alhali kan babur a karkace yake, tayar gaba ta zame a kan tsakuwa, sai ga shi a ƙasa da ɗaye a gwiwa. Wan ya ce ai na gaya maka. Daga ranar yaron ya haddace darasi guda: birkin gaba abokin gaba ne. Zai yi shekara goma yana acaɓa da wannan darasin, kuma darasin ƙarya ne. Na sha ganin baburan da aka sassauta wa wayar birkin gaba da gangan har ba ya kamawa, wasu ma an cire ta ɗungurungum, masu su kuma suna ganin dabara suka yi.

Idan mai babur ya taka birki, nauyinsa da na babur da na kayan da ya ɗauko gaba suke tafiya. Tayar gaba ta ƙara danne ƙasa, ta baya ta yi sako-sako. Shi ya sa a kan busasshiyar hanya kusan kashi 70 cikin 100 na ƙarfin tsayawa daga birkin gaba yake fitowa. Wanda ya dogara da na ƙafa kaɗai ya yar da mafi yawan abin da zai cece shi, kuma da ya taka da ƙarfi tayar baya za ta ƙulle ta fara jan ƙasa, babur ya juya gefe. Abin da ya kayar da yaron can shi ne damƙa lokaci guda da kan babur a karkace. Da akwai wanda zai tsaya a gefensa ya ce miƙe kan babur tukuna, matsa a hankali, ka ji taya ta kama ƙasa sannan ka ƙara, da ya tashi da ilimi maimakon tsoro. Ƙasa ba ta da bakin da za ta yi wannan bayani. Ciwo kawai take bayarwa, wanda ya ji ciwon kuma ya fassara shi yadda ya ga dama.

Ba ni kaɗai na lura da wannan ba. A 1981 wani malamin jami'a a Amurka mai suna Harry Hurt ya fitar da sakamakon binciken da shi da abokan aikinsa suka yi a kan haɗurran babur 900 a yankin Los Angeles, suna zuwa wurin da abin ya faru suna aunawa. Sun samu cewa kashi 92 cikin 100 na matuƙan da abin ya rutsa da su ko dai su suka koya wa kansu, ko dangi da abokai ne suka koya musu. Sun samu cewa mai babur yakan samu ƙasa da daƙiƙa biyu ne tsakanin ganin haɗari da aukuwarsa. Kuskuren da aka fi maimaitawa kuwa shi ne wanda na bayyana: danne birkin baya har taya ta zame, da ƙin amfani da na gaba yadda ya kamata. Can kwalta ce mai santsi da baburan zamani, amma kuskuren iri ɗaya ne da na yaronmu a filin firamare, saboda hanyar koyon iri ɗaya ce.

Ka tsaya a kan daƙiƙa biyun nan, Malam. Babur mai gudun kilomita 60 a sa'a yana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. Kafin ƙwaƙwalwa ta gane cewa saniya ce ta shigo hanya, ta aika wa hannu da ƙafa, an riga an wuce tsawon ɗaki huɗu. Kuma idan gudu ya ninka, nisan da birki ke buƙata ba ninkawa yake yi ba, sau huɗu yake zama. A irin wannan ɗan lokaci ba a tunani. Hannu yana yin abin da ya saba ne kawai. Idan ya saba da matsa birki daidai saboda ya maimaita shi sau ɗari a fili, zai yi shi. Idan bai saba da komai ba, zai damƙe ko ya sandare. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Yanzu ga batun wasan Turawa. Gaskiya ne a Ingila aka fara wannan tsere, a Camberley a 1924, kuma tun 1957 ake gasarsa ta duniya. Gaskiya ne babur ɗin tsere da kayan sawarsa sun fi ƙarfin aljihun ɗan acaɓa. Ba wanda ya ce a sayo su. Amma ina so ka fita daga cikin gari ka dubi inda baburanmu ke bi. Mubi a gindin duwatsun Mandara take. Da zarar ka sauka daga kwalta ka nufi ƙauyukan da ke bayan Gella ko Sahuda ko Kwaja ta wajen iyakar Kamaru, ko ka bi ta Muchalla da Mayo Bani, ko ka ratsa ƙauyukan Maiha, abin da za ka tarar shi ne hawa da gangara, dutse a tsakiyar hanya, kwazazzabon da ruwan bara ya haƙa, yashin rafi da rani, taɓo da damina. Ɗan tseren Turai yana hawa shi kaɗai ne, a kan babur mara nauyi mai tayoyi masu haƙora, sanye da hular kwano da takalmi har gwiwa, ga motar asibiti a gefe, kuma zagayen nasa minti 30 ne da ɗoriya. Namu yaron a kan Boxer yake mai sulɓaɓɓiyar taya, da silifas a ƙafa, da buhun masara biyu a baya, ko mace da goyo da ƙunshin kaya a ka, tun asuba har magariba. Wanne ne cikinsu ya fi buƙatar sanin yadda ake sarrafa babur a kan ƙasa mara tabbas? Abin da kake kira wasa, aikin yau da kullum ne a wurinmu. Bambancin kawai, su sun zauna sun nazarci abin sun koya wa junansu, mu kuma mun bar kowane yaro ya gano shi da ƙashinsa.

Kuma abin da suka gano yawancinsa kishiyar abin da zuciya ke raya wa mutum ne, shi ya sa ba ya zuwa da kansa. Ɗauki yashi. Mai babur ya gangaro bakin rafi da rani, ya ji kan babur ya fara rawa. Zuciya za ta ce saki totur, zuba ƙafafu ƙasa, riƙe hannu gam, kalli taya. Da ya saki totur nauyi ya koma gaba, tayar gaba ta nutse ta karkace, ya kife. Abin da ake koya wa ɗan tsere tun ranar farko shi ne ya ja jiki baya, ya riƙe totur daidai ba tare da yankewa ba, ya matse tanki da gwiwoyi, ya saki kafaɗu, ya bar kan babur ya yi 'yar rawarsa, idonsa kuma a can ƙetaren rafin inda yake son fita. Babur inda ido ya kalla yake zuwa. Wanda ya zuba wa dutse ido yana tsoronsa, dutsen zai hau. Tsofaffin 'yan acaɓarmu da suka daɗe a hanyoyin dutse sun san wannan a jikinsu ko da ba za su iya faɗarsa da baki ba, amma shekara nawa suka yi kafin su sani, kuma mutum nawa cikin waɗanda suka fara tare da su suka kai?

Ɗauki gangara kuma, wadda ta fi ba ni tsoro. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 farashin fetur ya yi tashin gwauron zabi, ɗabi'ar kashe inji a saki babur firi a gangare ta ƙara yawa. Mai yin haka yana lissafin ɗan man da ya rage ne, ban kuwa ga laifinsa a kan lissafin ba, domin da yamma sai ya kai balas. Abin da ba wanda ya gaya masa shi ne inji a ƙaramar giya shi ma birki ne. Idan ka kashe shi, dukkan nauyin mutum biyu da buhu ya koma kan ɗan ƙaramin birkin cikin taya. A doguwar gangara ya yi zafi, yana zafi yana rage kamawa, har ka taka ka ji ba komai, ga kwana a gaba. Haka ma wanda ya ratsa ruwa: birkin ya jiƙe, ba zai kama ba sai an ɗan ja shi a hankali ya bushe. Waɗannan abubuwa ne da ake bayyana wa yaro cikin minti biyar a nuna masa cikin minti goma. Idan aka bar wa ƙasa ta koyar da su, sau ɗaya take koyarwa, kuma sau da yawa ba wanda ya koya ne kaɗai ke biya ba, har da matar da ya goyo.

Mu da muke da al'adar doki bai kamata a ce wannan magana ta zame mana baƙuwa ba. Mahayan da ke sukuwa a gaban Mai Martaba Sarkin Mubi ranar hawan sallah, su taho a guje su ja linzami su tsaya cak, ba wanda aka ɗora a kan ingarma aka ce ƙasa ta koya masa. An fara su da doki mai sanyi, an nuna musu zaman sirdi da riƙon linzami, sun yi ta kilisa a ƙarƙashin idon manya. Ba mu taɓa kiran wannan almubazzaranci ba.

Akwai inda tsoronka ke da tushe, kuma zan ƙarfafa maka shi da hujjar da ba ka kawo ba. A ƙasar Norwe an taɓa tilasta wa sababbin direbobin mota horon sarrafa mota a kan hanya mai santsi. Da aka bi diddigi a shekarun 1980, sai aka ga haɗurran samari maza a kan irin wannan hanya ƙaruwa suka yi. Dalilin da masana suka bayar shi ne yaran sun fita daga horon suna jin sun gwanance, suka ƙara gudu a inda da can tsoro ke sa su sassauta. To, horo na iya haifar da girman kai, kuma saurayi ɗan shekara 18 ba ya buƙatar a ƙara masa shi. Na ga masu ɗaga tayar gaba a tsakiyar jama'a ranar biki, na ga masu kwanciya a kan babur yana gudu, kuma ba na son a samu ƙarin ko guda. Sai dai abin da wannan labari ke nunawa shi ne a kula da irin abin da ake koyarwa. Horon da nake nufi ba ya cewa yaro ga ka gwani. Yana ja masa layi da toka ne, a ce taho da gudun da ka saba ka tsaya a nan. Ya wuce layin da taku goma sha biyar. A ɗora masa buhu a ce sake. Ya wuce da fiye da haka. A ce to da yaro ne a kan layin fa? Wanda ya ga wannan da idonsa, a gaban sa'o'insa, ba ya komawa hanya da girman kai. Mai ganganci a rakiyar amarya kuwa ba ilimi ne ya yi masa yawa ba. Jinin ƙuruciya ne da son a gani, kuma ba shi da wani wuri da zai kai su sai titi. Ko manyan 'yan tseren duniya a killataccen fili suke gwada iyakarsu. Valentino Rossi, ɗan Italiya da ya ci kambun duniya sau tara a tseren kwalta, filin turɓaya ya gina a garinsu Tavullia inda shi da yaran da yake renon su ke atisaye, domin a kan ƙasa ake sanin yadda taya ke zamewa ba tare da gudun da zai kashe mutum ba.

Wasu a tasha za su ce ai haɗari ƙaddara ne. Haka ne, kuma mun yi imani. Amma wanda aka umarta ya ɗaure raƙuminsa kafin ya yi tawakkali bai da hujjar kwance wayar birkinsa.

Batun hana babur ba zan daɗe a kansa ba. An hana shi a Maiduguri a Yulin 2011, an hana acaɓa a Kano a Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero, kuma mu mutanen Mubi da muka ga abin da ya same mu a Oktoban 2014 ba ma buƙatar a yi mana bayanin dalilan tsaro. Amma waɗancan dokoki don 'yan bindiga aka yi su, ba don karaya ba. A cikin gari keke napep na iya ɗaukar fasinja. Ba ta hawa dutse. Manomin da zai fito da gyaɗa da wake, malamin makarantar ƙauye, ma'aikaciyar rigakafi da akwatin sanyi, mai naƙudar da za a sauko da ita da tsakar dare, duk babur ne hanyarsu, ko an hana ko ba a hana ba. Hani yana mayar da su ɓarauniyar hanya ne kawai, wadda ta fi muni, su bi ta da sauri don gudun kamu.

Mun kuma taɓa ganin abin da doka ke zama idan ba a haɗa ta da fahimtarwa ba. Ranar 1 ga Janairun 2009 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sa hular kwano, sai ga 'yan acaɓa a wasu garuruwa sun kifa ƙwarya a ka don su wuce shingen jami'ai, har labarin ya zaga duniya. Mutanen nan ba mahaukata ba ne; sun ɗauki hular a matsayin haraji ne, domin ba wanda ya zaunar da su ya nuna musu abin da kwalta ke yi wa ƙoƙon kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanya duk shekara, kaso mai yawa daga cikinsu masu babur ne da keke mai ƙafa uku, kuma Afirka ce ke kan gaba idan aka auna da yawan jama'a. Mu a nan wanda ya bugu a ka, idan abin ya fi ƙarfin asibitin gari, tafiyar kusan kilomita 200 ce zuwa Yola. A filin koyo ne hula ke zama sabo, domin a can malami zai ce ba hula ba hawa, kuma yaron da ya fara da ita yakan ji kansa tsirara in babu ita.

Ka ce ina kuɗin? Abin da ake buƙata fili ne, kuma muna da filayen makarantu da ke zaman banza ranar Asabar da safe. Tsofaffin tayoyi daga wurin mai faci, toka don jan layi, igiyar awo, buhun yashi a madadin fasinja, hula biyu ko uku da za a riƙa karɓa-karɓa, da litar mai ɗaya ko biyu ga kowane yaro. Malamai kuma suna nan zaune a inuwar tasha: dattawan da suka shekara ashirin suna hawa dutse da lodi ba su taɓa kayar da fasinja ba. Su ne masu ilimin. Abin da suka rasa shi ne wanda zai tsara musu shi kashi-kashi, ya gyara musu inda su ma suka gaji kuskure, kuma wannan aikin jami'an kiyaye haɗurra ne da malaman injiniya na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke nan Mubi, da Jami'ar Jihar Adamawa. A fara da tafiya a hankali tsakanin tayoyi ba tare da sauke ƙafa ba, domin wanda bai iya tafiyar sannu ba bai iya tuƙi ba. A wuce zuwa birki, a daɗe a kansa ƙwarai. Sannan lodi, da yadda ake ɗaure shi ƙasa-ƙasa kusa da tsakiyar babur don kada gaba ya yi sama a hawa. Yashi da gangara su zo daga baya, a bakin kogin Yedzaram da rani da wani ɗan tudu a bayan gari. Ingila ta wajabta irin wannan horon farko tun 1990, kuma yawanci yini guda ake yin sa.

Wanda ke da ikon sa abin ya tabbata ba gwamna ba ne. Alhazan da ke sayen babura suna ba samari haya ko biya sannu-sannu ne, tare da shugabannin ƙungiyoyin 'yan acaɓa. Mai babur shi ke asara idan yaro ya kife: gyara, kuɗin ɗori, makonnin da ba balas, wani lokaci har da zaman sulhu da dangin fasinja. Idan ya ce ba zan miƙa makulli ba sai shugaban tasha ya shaida min ka yi Asabar huɗu a fili, ba ya buƙatar wata doka daga Yola ko Abuja. Kai kuma, Malam, alƙalaminka na da masu ji, kuma waɗannan alhazan na cikin masu karanta ka. Ina roƙonka ka zo filin da igiyar awo a hannunka, ka zaɓi ɗan acaɓar da ka fi yarda da gwanintarsa, a auna tsayawarsa da birkin ƙafa kaɗai, a sake aunawa bayan an nuna masa yadda ake haɗa biyun, sannan ka rubuta abin da igiyar ta nuna.